Ranar da Bashi Ya Suma

Daren Talata ta nemi izinina,
wai za ta sabunta kanta kafin safiya.
Na danna mata "to", na kashe fitila,
na hau tudun Valparaíso zuwa gida.

Da asuba na sauko bakin teku,
kwale-kwale sha ɗaya sun riga ni,
kifi na sheƙi a kwanduna, sikeli na jira.
Na taɓa maɓalli.

Fanka ta yi nishi. Ɗigo biyar suka fito
suna zagaye kamar akuya a turke,
sai allo ya yi baƙi ƙirin.
Na kashe, na kunna. Na kashe, na kunna.
Na zare waya na hura mata iska
kamar mai tada garwashin jiya.
Shiru kake ji.

Shekara bakwai na kwance a cikinta:
wa ya kawo kilo nawa,
wa ya sha mai bai biya ba,
wa ya karɓi kuɗin koma ya ce sai an kwana biyu.
Garin neman gira, ga ido ya tafi.

Baltasar ya leƙo ta taga, gishiri a gemunsa.
"Herminia, ta mutu ne?"
Bakinsa na jaje, idonsa na rawa;
feso dubu ɗari uku ke wuyansa.
Kafin hantsi labari ya gama gaɓa.
Eulogio, da ko gaisuwa sai ya auna,
ya sayi shayi ya raba wa kowa.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa,
ranar nan kowa ya ji cikinsa sakayau.

Fresia, 'yar ƙanwata, ta zo da azahar,
filashi na lilo a jikin makullanta.
Ba ta tambaye ni me na taɓa ba.
Ta kunna, tana ƙwanƙwasa maɓalli ɗaya
kamar mai buga ƙofar kurma,
har wani shuɗin shafi ya buɗe.
Kwamfuta ta ce bari ta gyara kanta.
Ta gwada. Ta ba da haƙuri.

Sai yarinya ta soka filashi,
ta tashe ta da aron numfashi.
"Kafin a shiga da majinyaci tiyata, Inna,
a fara kwashe abin da ke aljihunsa."
Na ga sunayen masunta suna ƙaura
ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗan abin da bai kai yatsa ba.
Sannan na zauna. Ashe tun safe a tsaye nake.

Ta bi sawu ta gano inda aka saɓa:
tsohuwar manhajar sikeli ce
ta ƙi miƙa wa baƙuwar jiya hannu.
Ta kwance sabuntawar, zare bayan zare.
Kashi sha biyu. Kashi arba'in.
A sittin da takwas ta tsaya ta yi tagumi
har wani kwasakwasa ya sauka kan rufi,
ya gama hamma, ya tashi.

Duhu. Ɗigo biyar. Na riƙe gefen tebur.
Sai ga hoton jirgin marigayi mijina,
da fentinsa kore, da igiyar da bai naɗe ba.

Baltasar ya cire hula.
Ya laluba aljihu, ya ajiye dubu goma.
"Ki gaishe ta da jiki," ya ce.

Yanzu duk yamma ina kwafe lissafi gida biyu,
na uku da biro, a littafi mai ƙarnin kifi.
Jiya ta sake tambayata.
Fresia ta ce ba a ƙin ta har abada.
Na ce na ji. Ta bari sai Lahadi,
ranar da teku ba ta kawo kowa.